Yadda ake auna tafiyar dattijo a gida tun kafin ya faɗi

Tun ranar da na ba da labarin faɗuwar gwaggona a bakin makewayi, tambaya ɗaya ake ta jefo mini a gidan biki da gidan gaisuwa, har da ta waya: ta yaya mutum zai gane tsohonsa ya kusa kaiwa ƙasa? Wani mahaifinsa ne ya fara dafa bango, wata mijinta ne ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, wata kuma yayanta ne mai shan inna da shekaru suka fara hawa kansa.

Amsar ita ce a auna. In ka tambayi Baba yaya ƙafar, "Alhamdu lillahi, da sauƙi" zai ce maka, ko da yau da asuba sai da ya riƙe ƙyauren ɗaki sannan ya iya tsayuwa. Ba ƙarya yake yi ba, dattako ne, kuma yana tsoron a hana shi zuwa masallaci. Agogo kuwa ba shi da kara, abin da ya gani shi zai faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Gwaje-gwajen da zan kawo su ne dai waɗanda ma'aikatan gashin ƙashi ke fara yi a asibiti, kuma ana iya gama su a tsakar gida cikin minti 30 zuwa 40. A bi su yadda na jera su, don na ajiye mai gajiyarwa a ƙarshe da gangan.

1. Haɗa kayan aiki

Kana bukatar tef ɗin tela, alli ko gawayi, waya mai agogon ƙidayar sakan, littafin rubutu na makaranta da biro, sai kujera mai ƙwari da kuma mataimaki ɗaya mai ƙarfi. Tef ɗin tela inci 60 ne, wato kusan santimita 150, saboda haka shimfiɗa shi sau biyu ya ba ka mita 3. Duk waɗannan aro ake yi ko a same su a gida, ba a kashe ko sisi. Abin da kawai zai iya cin kuɗi shi ne na'urar awon hawan jini. In babu a gida, a ara wajen maƙwabci mai hawan jini, ko a roƙi ma'aikacin lafiya na unguwa ya zo da tasa.

Kujerar ita ce wurin da aka fi yin kuskure. Ana son ta katako ko ta ƙarfe, mai majingina, wadda mazauninta ya kai inci 17 zuwa 18 daga ƙasa. Auna da tef, kada ka kintata.

Gargaɗi: kada a yi amfani da farar kujerar robar nan ta biki. Ƙafafunta na buɗewa a kan siminti ko tayil, ta zubar da mutum. Kushin ɗin falo ya cika lotsawa, kujera 'yar tsuguno kuma ta cika gajarta. Duk wadda aka yi da ita a cikinsu, lambar da za ta fito ba ta da amfani.

2. Shirya wuri, shirya mutum

Zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, busasshe, mai haske, da ya kai tsawon mita 6 in da hali. A naɗe tabarma da darduma, a kwashe buta da takalma, a kore kaji da jikoki. Jingina bayan kujerar da bango.

Lokacin da ya fi shi ne hantsi, bayan ya karya kumallo ya ɗan huta. Kada a yi da la'asar a watan azumi, ko ranar da yake zazzaɓi ko gudawa. Ya sa takalmin da ya saba fita da shi da tabarau in yana sawa. Babbar riga a cire, zani mai jan ƙasa a ɗage shi sama da idon sawu.

Ka nemi izininsa da ladabi. Kalmar "gwaji" takan ɓata wa wasu rai, su ga kamar yaro ya raina su. Ni cewa nake yi, "Baba, so nake na rubuta yadda ƙafar take yau, in mun je asibiti mu sami abin nuna wa likita." Tsohuwa mace ce za ta tsaya mata.

Mataimaki ba ɗan kallo ba ne. A ɗaura wa dattijon zani mai ƙwari ko rawani a ƙugu, a ƙulle shi tam. Mataimaki ya tsaya a gefe, ɗan baya kaɗan, hannunsa kusa da ɗamarar amma bai riƙe ba. In mutum ya tafi zai faɗi, a cafki ɗamarar a jawo shi jikin mataimaki, a sauke shi ƙasa a hankali ta kan cinya, a kare kansa. Kada a ce sai an tsayar da shi da ƙarfi, nan ne mutum biyu ke zubewa tare. Mai riƙe agogo dabam, mai tsaro dabam.

Gargaɗi: in yana ciwon ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya yana zaune, ko ya faɗi kwanan nan ƙugunsa na ciwo, a bar gwajin, asibiti za a nufa.

3. Tambayoyi uku

Kafin ya tashi daga zaune, tambaye shi: ko ya faɗi a cikin shekarar da ta wuce? Ko yana jin kamar zai yi tangaɗi in ya tsaya ko yana tafiya? Ko yana jin tsoron faɗuwa? "E" ɗaya ta isa a ce yana cikin haɗari, ko me sauran gwajin ya nuna.

Kada ka ce "kun faɗi?" kawai, domin da yawa ba sa lissafa zamewa a faɗuwa. Ka ce, "Inna, daga babbar sallar bara zuwa yanzu, akwai ranar da santsi ya kwashe ku, ko kuka yi tuntuɓe har kuka kai ƙasa?" Sannan ka tambayi wanda ke kwana kusa da ita. Gwaggona sau biyu ta zame kafin faɗuwar da ta karya ta, jikarta ce kaɗai ta sani, ita ma an ce mata kada ta faɗa wa kowa.

4. Awon jini a kwance da tsaye

Tsofaffi da yawa ba ƙafa ce ke kayar da su ba, jiri ne. In mutum ya miƙe, jini kan gangara ƙafafu, in jiki bai yi saurin mayar da shi sama ba sai ido ya yi duhu. Ya kwanta rigingine na minti 5, a auna jininsa a rubuta. Ya tashi tsaye, mataimaki na kusa. A sake aunawa bayan minti 1, sannan bayan minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da 10 ko fiye, ko ya ji jiri ko duhun ido, to an samu matsala. Misali, a kwance 150 bisa 90, a tsaye 125 bisa 85: ta sama ta faɗi da 25, a rubuta a kai wa likita.

In babu na'ura, a yi kwanciyar da tashin duk da haka, a tambaye shi abin da ya ji.

Gargaɗi: in jirin ya yi ƙarfi a zaunar da shi, a dakatar da sauran gwajin ranar. Kuma kada kowa ya yanke masa maganin hawan jini da kansa don ya ga lamba ta sauka. Likita ne zai rage ko ya canza. Barin magani kwatsam na iya jawo shanyewar jiki, wadda ta fi abin da ake gudu muni.

5. Tsayuwa huɗu

Ya tsaya kusa da bango, ido a buɗe, ba sanda. Kowace tsayuwa sakan 10 ce. Ka fara nuna masa da ƙafarka, ka riƙe hannunsa har ya daidaita, in ya ce ya shirya ka saki ka kunna agogo. Yana iya buɗe hannuwa ko ya ɗan karkata jiki, amma da zarar ya ɗaga ƙafa ko ya dafa wani abu, ka tsayar da agogo.

Ta farko, ƙafafu biyu a haɗe gefe da gefe. Ta biyu, ya matsar da ƙafa ɗaya gaba rabi, yadda babban yatsan ta baya zai taɓa tsakiyar gefen ta gaba. Ta uku, ƙafa ɗaya a gaban ɗaya a layi guda, diddigen ta gaba na taɓa yatsun ta baya. Ta huɗu, tsayuwa a kan ƙafa ɗaya.

Ta ukun ita ce ma'auni. Dattijon da bai iya riƙe ta sakan 10 ba yana cikin haɗarin faɗuwa.

Gargaɗi: in ya kasa wata, a tsaya nan, ba a tsallakawa zuwa ta gaba. Kuma kada a ce ya rufe ido don a ga iyakarsa. Wannan aikin asibiti ne.

6. Tashi ka tafi

In gwaji ɗaya kawai za ka iya yi, to wannan za ka yi. Likitoci na kiransa TUG, kuma tun 1991 ake amfani da shi. Darajarsa ita ce ya haɗa duk abin da tsoho ke yi in zai kewaya da dare: tashi, tafiya, juyawa, zama.

Daga ƙafar kujera ta gaba, auna mita 3, wato tef biyu, ka ja layi mai kauri da alli. Nan ana son kujera mai hannu in akwai. Ya zauna bayansa jingine. Mai sanda ya riƙe sandarsa. Ka ce masa: "Baba, in na ce bismillah, sai ku tashi, ku taka zuwa layin can yadda kuka saba tafiya, ku juyo, ku dawo ku zauna." Ya yi sau ɗaya ba agogo don ya gane, ya huta minti ɗaya ko biyu, sannan a yi na gaske. Kunna agogo daidai lokacin da ka ce bismillah, ba lokacin da ya miƙe ba. Kashe shi lokacin da mazaunansa suka taɓa kujera.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa iyaka a sakan 12: wanda ya kai 12 ko ya wuce yana cikin haɗari. Za ka ji wasu ma'aikatan lafiya na aiki da 13.5, ƙa'idojin duniya kan faɗuwar tsofaffi da aka fitar a 2022 kuma suka sa 15. A gida ni 12 nake bi. In na yi kuskure, iyakarta mun je asibiti an ce lafiya lau, kuɗin mota kawai muka yi asara. Wanda ya kai sakan 20 kuwa, kada a bar shi ya fita waje shi kaɗai har sai an duba shi.

Kada idonka ya tsaya a kan waya. Abin da za ka gani da ido ya kai lambar muhimmanci, shi ya sa na ce a raba aiki. Ka lura ko sai ya yi yunƙuri biyu ko uku kafin ya tashi. Ko takunsa gajeru ne, yana jan ƙafa ba ya ɗaga ta. Ko hannuwansa ba sa lilo. Ko yana miƙa hannu yana neman bango. Ka fi zuba ido a wurin juyawa, domin nan ake yawan faɗuwa: mai ƙarfi taku biyu ko uku ya juya, mai rauni sai ya yi ta 'yan ƙananan taku kamar an ɗaure masa ƙafa. A ƙarshe, ya zauna a hankali ne ko ya faɗa kujerar jagwab? Rubuta duk abin da ka gani da kalmominka.

Akwai wata dabara da nake so. Bayan ya huta, ku ɗan taka tare ka ja shi da hira, ka tambaye shi sunayen jikokinsa daga babba zuwa ƙarami. In sai ya ja ya tsaya cak sannan ya ba ka amsa, alama ce tafiyar na cinye masa duk hankalinsa. Irin wannan ne ke faɗuwa a hanyar masallaci in wani ya gaishe shi daga baya.

Kurakuran da na fi gani: cewa "ku yi sauri", alhali tafiyarsa ta kullum ake son gani. Riƙe masa hannu yana tafiya, wanda ke ɓoye raunin. Sai tara masa 'yan kallo. Dattijo in ya ga surukai na kallo zai yi ta maza, ya ba ka lambar da ba tasa ba.

7. Saurin tafiya

Wannan gajere ne. Ja layi biyu, mita 4 a tsakaninsu, wato tef biyu da ƙarin santimita 100. Ya fara tafiya taku biyu ko uku kafin layin farko, ya wuce na biyu kafin ya tsaya. Agogo na farawa in ƙafarsa ta ƙetare layin farko, ya tsaya in ta ƙetare na biyu. A yi sau biyu, a ɗauki wanda ya fi sauri. Sakan 5 ita ce iyaka, wato mita 0.8 a sakan guda. Wanda ya kai 5 ko ya wuce, tafiyarsa ta yi sanyin da ya kamata a bincika.

An tambaye ni game da wayar iPhone, wadda tun 2021 take auna daidaiton tafiya in tana cikin aljihu kusa da ƙugu, ta faɗa maka ko lafiya, ko ya yi ƙasa, ko ya yi ƙasa sosai. Wanda yake da ita ya duba, ba laifi. Amma wayar Hajiya a jaka take ko ƙarƙashin filo, kuma ba za ta gaya maka yadda aka juya a bakin layi ba.

8. Tashi zauna na sakan 30

Wannan ƙarfin cinya yake aunawa, kuma yana gajiyarwa, shi ya sa ya zo ƙarshe. Kujera marar hannu, inci 17, jingine da bango. Ya zauna a tsakiyarta, tafin ƙafa a ƙasa, hannuwa a harɗe a ƙirji. In ka ce bismillah ya miƙe tsaye sosai, ya koma ya zauna, ya yi ta maimaitawa har sakan 30. Ƙirga sau nawa ya miƙe. In lokaci ya cika ya wuce rabin miƙewa, a lissafa masa.

In ba ya iya tashi sai ya dafa gwiwa ko kujera, a tsaya a rubuta 0. Kada a ji nauyin rubuta sifilin, shi ne ainihin abin da aka zo nema.

Ga iyakokin da CDC ta bayar, wanda ya gaza su ƙafarsa ta yi rauni. Shekara 60 zuwa 64, namiji 14, mace 12. Shekara 65 zuwa 69, namiji 12, mace 11. Shekara 70 zuwa 74, namiji 12, mace 10. Shekara 75 zuwa 79, namiji 11, mace 10. Shekara 80 zuwa 84, namiji 10, mace 9. Shekara 85 zuwa 89, kowa 8. Shekara 90 zuwa 94, namiji 7, mace 4. Na san tsofaffinmu da dama ba su da takardar haihuwa. A kintata da abin da ya tuna, misali ko ya yi wayo lokacin samun 'yancin kai a 1960.

Gargaɗi: mai ciwon gwiwa mai tsanani, ko wanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa kwanan nan, ya tsallake wannan. Kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri. Da ya ji ƙirji ko jiri, a tsaya.

9. In mai lalura ta musamman ne

Lambobin da na kawo don tsofaffi aka tsara su. Mai shan inna ko wanda aka yanke wa ƙafa zai iya wuce sakan 12 tun yana saurayi, kuma bai taɓa faɗuwa ba. A wurinsa, ma'auninsa shi ne lambarsa ta awon da ya gabata. In ya saba yin 18 yanzu ya koma 24, wani abu ya canza, ko da shi bai ji ba.

Mai shanyewar ɓarin jiki: mataimaki ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye. Kada a taɓa jan shanyayyen hannun, kafaɗar na saurin gocewa. Lura ko yatsun ƙafar na karce ƙasa, ko yana zagayo da ƙafar ta gefe kafin ya taka. A gaya wa ma'aikacin gashin ƙashi, akwai takalmin roba da ake sawa ya tallafi idon sawu.

Mai cutar karkarwa ta Fakinsan: tafiyarsa na bin lokacin magani. A auna kamar awa ɗaya bayan ya sha, a sake aunawa dab da lokacin shan na gaba, a rubuta duka biyun. In ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa ko wajen juyawa, kada a tura shi. A ƙirga masa "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu", sau da yawa takan saki.

Mai ciwon suga: a duba tafin ƙafa. Ya rufe ido yana zaune, ka taɓa kan yatsunsa a hankali ya faɗa maka in ya ji. Wanda ba ya jin taɓi ba ya jin ƙasa in ya taka, kuma silifas kan zame masa bai sani ba.

Makaho ko mai yanar ido: a yi a wurin da ya sani, da sandarsa, wani ya tsaya a layin ya yi masa magana. Mai sanduna biyu ya yi mataki na 6 da na 7 da sandunansa, ya bar na 5 da na 8.

10. Rubuta, ka kai inda ya dace

A shafi ɗaya rubuta kwanan wata, lokaci, takalmin da ya sa, ko da sanda ko babu, lambar kowane gwaji, da abin da ka gani da ido. Wata uku nan gaba ka maimaita a kujera ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. A kuma maimaita bayan kowace kwanciyar asibiti, ko an canza magani, ko an faɗi.

Ya ci duka gwaje-gwajen kuma amsoshin mataki na 3 a'a ne, to a ci gaba da motsa jiki, a sake dubawa. Ya gaza ko da ɗaya, a kai shi asibiti a nemi sashen gashin ƙashi. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha suna da shi. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Can za su yi masa cikakken gwaji, irin ma'aunin Berg mai sassa 14 da maki 56. Kada a jira wata uku idan ya faɗi sau biyu ko fiye a shekara, ko ya ji rauni a faɗuwa, ko ya faɗi ya kasa tashi da kansa, ko ya suma.

Ku tafi da littafin, da kuma duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Maganin barci irin su diazepam, da amitriptyline, da Piriton na mura, da tramadol, da maganin tari mai kodin, duk suna sa layi. Wanda ke shan magani kala huɗu ko fiye a rana ya roƙi likita ya duba su gaba ɗaya. A kuma duba ido.

11. Bi sawunsa a cikin gida

Gwaji a fili mai haske aka yi shi, faɗuwa kuwa takan zo da asuba, a duhu, mutum na sauri da buta a hannu. Saboda haka ka tashi wata rana kafin kiran sallah, ka bi hanyar da yake bi daga shimfiɗa zuwa makewayi, zuwa wurin alwala, zuwa zaure. Za ka sha mamaki. Bakin tabarma da ya naɗe, dokin ƙofa mai tsayi, wayar caji a ƙasa, kwatar da ta yi gansakuka tun damina, tayil ɗin banɗaki da 'ya'ya suka sa wa Hajiya don a faranta mata rai, wanda in ya jiƙe ya fi komai santsi a gidan.

Gyaran ba shi da tsada. Fitila mai caji a gefen filo da wata a hanyar makewayi. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a kafa shi cikin bulo da siminti, ba a maƙala da ƙusa ba. Kafinta ya huda kujerar katako a ɗora a kan masai ga wanda tsuguno ya gagara. Wurin alwala a sa benci mai tsayi. Silifas ɗin da ƙasansa ya cinye a jefar, a sayi takalmi mai maɗauri a diddige. In ya farka, ya zauna a bakin gado minti ɗaya yana motsa ƙafa kafin ya miƙe. Wanda tashi daga sujada ke kayar da shi ya tambayi malaminsa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da damar sallah a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa.

Sanda ma aunawa ake yi. Ya tsaya da takalminsa, hannu a sake, kan sandar ya zo daidai wuyan hannunsa. In ta fi haka a yanke. A riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba ta mai ciwo ba, nan kusan kowa ke juya abin. A sa mata roba a gindi, kuɗinta bai kai na mudun shinkafa ba, a canza in ta cinye. Wajen hawa matattakala ƙafa mai lafiya ce gaba, wajen sauka mai ciwo da sanda ne gaba.

12. Kada a zaunar da shi

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ƙauna ce ke jawo shi. Da an ga lamba ba kyau sai a ce, "Baba ku zauna, a kawo muku." A hana shi masallaci, a hana shi majalisa, ruwan alwala ma a kai masa ɗaki. Cinyar da ba ta aiki zubewa take yi, kuma ta tsoho ta fi ta kowa saurin zubewa. In ka sake aunawa za ka tarar lambar ta ƙara lalacewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tsofaffi su yi atisayen ƙarfi da daidaito aƙalla kwana uku a mako. Ga wanda ba shi da jiri kuma likita bai hana ba, gwajin kansa shi ne atisayen. Tashi zauna daga wannan kujerar sau 5, a ƙara a hankali zuwa 10, da dafawa in ya zama dole. Ɗage diddige yana dafe da bango sau 10. Tsayuwar diddige da yatsa, wato ta uku a mataki na 5, kusa da bango, hannu ɗaya a dafe, daga baya yatsa ɗaya kawai. Tafiya gefe-gefe yana bin bango. A haɗa abin da bayan sallar walha ko la'asar don kada a manta, wani babba na tsaye kusa. Masallaci kuma a haɗa shi da jika mai hankali da fitila, yaron ya tsaya ta ɓangaren da babu sanda.

13. In an faɗi duk da haka

Kada a yi rububin ɗaga shi. A tambaye shi inda ke ciwo. In ƙugu ko matsematsi ne ke ciwo, ya kasa ɗaga ƙafar, ko ka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta karkata waje, to a ɗauka karayar ƙugu ce. Kada a tsayar da shi, kada a ja ƙafar, kada a fara kai shi wajen maɗori, domin wannan karaya a ciki take can, sai hoto ke nuna ta, kuma yawanci aiki take bukata cikin gaggawa. A ɗora shi a kan ƙyaure ko katako mai faɗi a kai asibiti. In ya bugu a kai, musamman mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, a kai shi ko da ya ce ba komai, a kuma sa masa ido na wasu makonni: ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci, ko rikicewar magana, duk alamun komawa asibiti ne nan take.

In ba inda ke ciwo, ya mirgina gefe, ya durƙusa bisa hannu da gwiwa, a kawo masa kujerar katakon ya dafa, ya kafa ƙafa mai ƙarfi a ƙasa, ya yunƙura ya juya ya zauna. Daga nan a ɗauko littafin a rubuta rana, lokaci, wuri, abin da yake yi, takalmin da ke ƙafarsa, da ko ya ji jiri kafin ya tafi ƙasa.